Yatsa Biyu Kafin Ƙasa

Shekara ashirin da biyu na yi ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, Yaya yana zama a kan kujerunsu. Haka aka raba aikin tun ranar da muka buɗe garejin, kuma ba wanda ya tambaye ni ko na yarda. Birki kaɗai muke yi. Ni ke kwance taya, ni tsatsa ke zubo wa a ido, ni man birki ya cinye wa fatar hannu, amma in an gama Yaya ne zai shiga ya zauna, ya ɗora ƙafar dama, ya lumshe ido, ya ce "ya yi" ko "bai yi ba". Mota ba ta fita ƙofarmu sai da wannan kalmar. Direbobi har suna suka sa masa, Mai Ƙafa, ni kuwa furfura ta fara fito mini amma har yau Auta ake ce mini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na sha faɗa masa haka a gaban mutane, ya yi dariya, ni ma in yi, sai dai tawa dariyar ba ta kai ciki.

Amma gaskiya ɗaya ce, ƙafar nan ta san aiki. Idan iska ta shiga bututun birki, birkin yakan yi laushi, ka taka ka ji kamar soso. Cire iskar aikin mutum biyu ne. Na sama ya taka sau uku ya riƙe, na ƙasa ya sassauta ɗan notin da ke bayan taya, mai ya fito da kumfa cikin kwalba, ya ɗaure, ya ce a saki. Da an sassauta notin, birkin yakan tafi ƙasa, kuma a nan gwanintar Yaya take, don ba ya barinsa ya kai ƙarshe. Yatsa biyu kafin ƙasa yake tsayawa. A tsohuwar mota, can ƙuryar masta, wato famfon da ke tura mai zuwa tayoyi, tsatsa takan taru a inda robar ciki ba ta taɓa zuwa ba, in ka tura robar har can sai tsatsar ta yaga ta. Sauran makanikai katako suke sawa a ƙarƙashin birkin don ya tare su. Yaya ya ce katako na marasa ƙafa ne, kuma bai taɓa bari an shigo da shi motar da yake zaune ba.

Ranar da abin ya faru, Malama mai kai yara makaranta ce ta dawo mana da ƙaramar bas ɗinta, karo na uku cikin mako biyu. Zuwan farko man birkinta ne ya yi baƙi, muka canza shi muka cire iska. Bayan kwana biyar ta dawo ta ce birki ya yi laushi, muka sake cire iska. Wannan karon ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Baba, ba wai ba ya ci ba ne," in ji ta. "In na taka da ƙarfi yana ci. Amma in na tsaya a danja, ƙafata na kai, sai in ji yana sulalewa ƙasa a hankali, motar ta fara tafiya da kanta. Jiya saura ƙiris in daki bayan wata tanka, da yara goma sha huɗu a bayana."

Yaya ya karɓi mukulli ya shiga, ya tayar da mota, ya tattaka birkin kamar mai kashe kunama. Ina tsaye a bakin ƙofa na lura da abin da ban taɓa gani ba. Bai lumshe ido ba. Sunkuyawa ya yi yana kallon ƙafar tasa.

"Ya yi," ya ce. "Dutse ne wannan. Malama, ƙafarki ce ba ta da nauyi."

"Shekara tara nake tuƙa motar nan da ƙafar nan, Baba. Ba jiya ta rame ba."

"To ni na ce ya yi."

Ta ɗauki mukullin daga hannunsa, ta ajiye a kan benci, ta zauna kusa da shi. Ta ce ba za ta ƙara ɗaukar ɗan kowa a cikinta ba sai an gano abin da ke damunta, in ma kwana za a yi. Yaya ba ya son a ja da shi, balle a gaban direbobin da ke jira. Ya duba agogo ya ce lokacin cin abincinsa ya yi. Shekara goma ke nan yana fama da ciwon suga, kuma a duk cikin dokokin likita wannan ta cin abinci a kan lokaci kaɗai yake bi. Ya tafi gida ya bar ni da ita.

Na shiga ƙarƙashin motar da fitila. Na bi tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, bayansu a bushe. Na bi bututun ƙarfen tun daga gaba har baya da yatsa, ba danshi. Na sa Malama ta taka ina matsa tiyo-tiyon roba, ko akwai wanda ke kumbura yana shanye ƙarfin, babu. Na buɗe bonet na duba kofin mai, yana nan daidai layin da na cika shi kwana tara da suka wuce. Mai bai ragu ba, ba ya zuba a ko'ina, birki kuma yana tafiya ƙasa. Wanda ya fara aikin nan jiya ma ya san wannan ba iska ba ce.

Sai na yi abin da ban taɓa yi a garejin nan ba. Na goge hannu, na shimfiɗa tsumma a kan kujerar direba, na zauna. Ji nake kamar na shiga ɗakin mutum ba ya nan, ni da na haura arba'in da biyar. Na tayar da mota na taka da ƙarfi, birki ya tsaya cak. Na saki, na sake ɗora ƙafa a hankali, kamar yadda mutum ke yi in yana jiran danja. Ban ƙirga goma ba na ji yana gudu daga ƙarƙashin tafin ƙafata, sannu a hankali, har ya kwanta. Robar masta ce. In an taka da ƙarfi takan buɗe ta toshe, in an taka a hankali mai ya zagaye ta ya koma baya.

Na kwance mastar na kai kan tebur na zare cikinta. Robar ba tsufa ne ya cinye ta ba. Yagewa ce sabuwa, tsaga biyu a gefe, kuma da na haska ƙuryar bututun ga tsatsa nan da sawun inda robar ta bi ta kanta. Mu muka yaga ta, ranar da muka canza mai.

A nan ne na tuna da ƙarar. Wanda ke kwance a ƙasa yana jin komai ta jikin mota, kuma wajen wata huɗu ke nan, duk lokacin da na sassauta noti, nakan ji wani ƙwas a sama, ƙarfen birki ya bugi ƙasan mota. Kafin nan, shekara ashirin da ɗaya da ɗoriya, ban taɓa jin wannan ƙarar ba. Na ji ta, na sake ji, ban ce komai ba. Na ce wa kaina tsufa ne, kuma Allah na tuba, wani lungu na zuciyata daɗi ya ji, wai ashe Mai Ƙafa ma yana kuskure. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da ƙarar ke yi wa motocin ba.

Da Yaya ya dawo ya tarar da tsumma a kan kujerar direba, tun kafin ya ga mastar fuskarsa ta canza.

"Wa ya zauna a nan?"

"Ni ne."

"Da izinin wa?"

Na ɗauko mastar da robar na nufo shi. Raina a ɓace yake, da shi da kaina, kuma in raina ya ɓaci ba na iya tauna magana.

"Yaya, dubi nan. Ka kai birkin matar nan ƙasa. Ka yaga mata roba, ta dawo sau biyu kana ce mata ya yi."

"Ni na kai birki ƙasa? Auta, yaushe ka fara shan wani abu?"

"Ina ji da kunnena. Wata huɗu ina ji."

"To me ya hana ka magana wata huɗun, tunda kai ne gwani yanzu?"

Wannan ta same ni. Hannuna duk mai ne, ina ƙoƙarin juya masa bakin bututun ya ga tsatsar, sai mastar ta suɓuce. Ƙarfe ne mai nauyi, ya fi rabin bulo. Ta faɗi da baki a kan yatsun ƙafarsa ta dama, shi kuma silifa ce a ƙafarsa, ta gangara ƙarƙashin tebur.

Yaya bai ko motsa ba. Ya ci gaba da faɗa, yana nuna ni da yatsa, yana cewa shi ya koya mini riƙe sifana, tun ina zubar da majina yake ɗauke da ni. Babban yatsan ya fashe, jini yana bin silifar yana sauka a siminti, shi yana ta magana. Sai da ya ga Malama ta miƙe ta dafe baki tana kallon ƙasa, sannan ya bi idonta ya sunkuya.

Direbobi biyun da ke jira suka kawar da kai. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, amma ban taɓa fatan ta Yaya ta fito a gaban mutane haka ba, kuma ta hannuna.

Na zaunar da shi a benci na durƙusa na wanke yatsan. Ƙafar sanyi ƙalau, tafin duk ya tsattsage. Na danna nan, na danna can, yana kallon bango.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Da yatsu ya fara," ya ce a hankali. "Kamar ina tafiya a kan auduga. Yanzu har idon sawu. Likita ya ce sugar ce ta cinye jijiyoyin, kuma ba sa dawowa."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"In faɗa in ce me? In ce Mai Ƙafa ba shi da ƙafa? Na ɗauka ido zai iya. Ina kallonta, ina cewa nan ne yatsa biyu."

Haushinsa nake ji, ina kuma jin tausayinsa. Na ɗaure yatsan da bandeji na tashi, don aiki ne kaɗai zai hana ni kuka a gaban Malama.

Na hau babur na sayo sabuwar masta. Na ɗaure ta a kan tebur na cika ta da mai, na tura ta da hannu har kumfa ta daina fitowa, sannan na ɗaura ta a mota. Saura cire iska a tayoyi, aikin mutum biyu. Ina neman wanda zan roƙa cikin direbobin sai na ga Yaya ya jawo kwalin da nake kwanciya a kai, ya ɗauki sifana da kwalba. Mutum mai shekara sittin da uku, da ƙafa a ɗaure. Kafin ya kwanta ya je bayan gareji ya dawo da guntun katako, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na sa shi ƙarƙashin birki. Muka fara da tayar baya ta nesa, muka zagayo har ta gaban direba, yana cewa taka, riƙe, saki, muryarsa na fitowa daga ƙasa. Da muka gama na ɗora ƙafa a hankali na ƙirga sittin, birki bai motsa ba. Na ce Malama ta zo ta gwada da tata ƙafar. Ta zagaya layin sau biyu, ta dawo ta ce yanzu ne ta gane motarta. Ta durƙusa ta yi wa Yaya sannu da jiki, ta tafi ɗauko yara.

Na ɗauka an gama. Ina tattara kaya Yaya ya ce in kawo wayata.

"Mota nawa muka cire wa iska cikin wata huɗun nan?"

Ni ke kiran masu mota in an gama aiki, don haka lambobinsu na wajena. Na bi su ɗaya-ɗaya, muka ware sababbin motoci da ba su da tsatsar da za ta yi ɓarna. Tsofaffi suka rage talatin da ɗaya.

"Duk za a kira su," ya ce.

"To. Sai mu ce man da aka kawo mana ne jabu, kowa ya dawo a duba masa."

"In ka ce mai ne, na nesa zai tsaya a garejin da ya fi kusa a canza masa mai, ya ci gaba da yawo da yagaggiyar roba. Sai an ce musu masta, kuma sai an ce musu dalili, in ba haka ba ba za su yarda ba. Sun san ba na kai birki ƙasa."

"Yaya, in ka faɗa wa direba talatin, ka faɗa wa gari. Ba wanda zai ƙara kawo mana ko keke."

"Na sani. Danna."

Ina dannawa ina miƙa masa. Magana ɗaya yake yi wa kowa, ba ragi ba ƙari: ƙafata ta mutu, ban faɗa ba, mai yiwuwa na yaga maka robar masta, kada ka ɗauki kowa sai an duba. Wani ya yi salati, wani ya zage shi tas, wani ya ɗauka wasa ne. Mutum uku suka ce dama sun fara jin birkin na sulalewa, amma da yake daga hannun Mai Ƙafa ya fito sai suka zargi kansu. Kowane kira sai na ga kamar an rage masa tsawo.

Na goma sha bakwai lambar Sannu-Sannu ce, wani direban motar gidan burodi da ya kai shekara goma sha biyar yana zuwa wajenmu. Saboda rashin gudunsa aka sa masa sunan, mutumin da ko babur ya yi masa hon sai ya ba shi hanya. Mace ce ta ɗauka, ta ce ita matarsa ce. Yaya ya ce ta ba mijin wayar.

"Ai yana asibiti, Baba. Yau mako uku."

"Me ya same shi?"

"Hatsari ya yi a gangaren kasuwa. Ya tsaya ana tsallakawa, sai motar ta tafi da shi ta shiga mahaɗa, babbar mota ta kwashe shi ta gefe. Ƙugu ya karye, da ƙafa ɗaya. An ce ko ya tashi ba zai ƙara tuƙi ba."

Yaya ya riƙe gefen benci.

"Ya ce birki ne?"

"Masu gidan burodin sun tambaye shi. Ya ce ba zai yiwu ba, kwana shida da fitowar motar daga wajenku. Ya ce shi ne dai, wataƙila gyangyaɗi ya yi ƙafarsa ta zame. A kan haka suka sallame shi. Abin da ke cinsa ke nan, Baba, ya fi karayar. Kullum sai ya ce shekara talatin bai taɓa ko kaza ba, ga shi ya ƙare da barci a kan sitiyari."

Yaya ya tambayi ɗakin da yake, ya yi mata godiya, ya miƙo mini wayar. Ya ce in fito da babur.

Na tsaya a gabansa. Na ce motar ta riga ta zama gwangwani, ba wanda zai buɗe mastarta. Na ce mutumin nan da iyali, suna iya kai mu kotu, kuma suna da gaskiya. Na ce ba ma tabbas robar ce, wataƙila da gaske gyangyaɗin ya yi. Ina faɗa ina jin kunyar bakina, don na san tsayuwa a gangare da ƙafa a kan birki shi ne daidai inda yagaggiyar roba ke sakin mutum, kuma na san ni ne a kwance ƙarƙashin motar burodin ranar, na ji ƙwas ɗin sau huɗu.

"Ka gama?" in ji Yaya.

"Na gama."

"To kai ni. In ba za ka shiga ba ka jira a waje."

Na shiga. Ɗaki ne mai gado takwas, yana warin magani da fitsari, Sannu-Sannu na can ƙarshe kusa da taga, an rataye ƙafarsa da igiya da ƙarfe. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Da ya hango mu fuskarsa ta washe, ya dafa katifa yana ƙoƙarin tashi zaune, matar tana danne masa kafaɗa.

"Mai Ƙafa da kansa," ya ce. "Har da Auta. Kin gani ko? Na ce miki mutanen kirki ne. Ba su kujera. Ka yafe ni, Mai Ƙafa, ka gyara mini mota tsaf na je na watsar."

Matar ta jawo kujerar roba. Yaya bai zauna ba. Ya dafa ƙarfen gadon, ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sannu-Sannu yana kallonsa yana murmushi, yana jira.

Na matsa kusa da gadon na tsaya kafaɗa da kafaɗa da Yaya.

"Ba gyangyaɗi ka yi ba," na ce. "Birkinka ne ya tafi, kuma mu biyun nan muka lalata shi."